Saura Minti Arba'in a Sha Ruwa

Greensboro, Talata 21 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Fourera,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki, da Alhaji da yara. Ni da Oumaima muna nan, muna ci muna sha, tunda ciki ba ya neman shawarar mutum kafin ya ji yunwa.

Na rubuto ne don waya ta kasa mana. Duk sanda na kira Maraɗi mutum shida ke ɗauka, biyar na kuka, ɗaya na tambaya ko an gan shi. Ke kin yi shekara talatin kina koyarwa a lakkol, kin karanta rubutun da ya fi nawa muni. Ki karanta wannan a tsanake, sannan ki faɗa wa Inna abin da kika ga za ta iya ɗauka.

Ran Alhamis da ta wuce ƙanenki, Baban Oumaima, ya ɗauki hutun yini ɗaya daga siton da yake aiki a titin Wendover. Tun bara da likita ya ce yana da hawan jini ya kama tafiyar ƙafa, ya kuma kama ta yadda yake kama komai, kamar za a raba satifiket a ƙarshe. Da ya gama da filayen garin nan sai ya koma duwatsun yamma, tafiyar awa biyu da rabi a mota. Ya tafi da Kader, ɗan unguwarku da suke aiki tare. Sun bar nan da safe, rana tarwai. Har darduma na shanya a baranda ranar. Da magariba Kader ya sauko daga dutsen shi kaɗai, ya kira masu ceto.

An yi kwana uku cur ana nema. Mutum wajen arba'in, yawancinsu 'yan sa-kai ne da suka baro sana'arsu, da karnuka biyu. Jirgi mai saukar ungulu ya tashi sau ɗaya, iska ta maido shi. Ran Asabar aka sami jaket ɗinsa a kan wani dutse, a naɗe tsaf, da hularsa a kai. Ran Lahadi ƙanƙara ta sake saukowa, aka janye mutane. Bayan dutsen nan akwai kwazazzabo mai zurfi da ya daskare gaba ɗaya, sun ce ba za su tura kowa ciki ba sai ya narke, watan Maris ko Afrilu. Ban ga laifinsu ba. Su ma suna da 'ya'ya.

Matan masallaci suna zuwa kullum, Allah ya saka musu. Suna shigowa, su zauna a bakin kujera, su duba fuskata don su gane irin gaisuwar da za su yi. Daga ƙarshe duk suka daidaita a kan “Allah ya bayyana shi.” Firjina ya cika da shinkafar da ita kanta ba ta san ta zaman makoki ce ko ta barka da arziki ba.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Ni a raina na san Baban Oumaima ya rasu. Na je wurin limaminmu na faɗa masa haka. Ya ce idan mutum ya ɓata a inda halaka ta fi rinjaye, shi da dattawan masallaci za su iya zama su yanke hukunci, a yi masa addu'a, in shiga takaba. Amma ba zai yi ba sai da yardar mahaifiyarsa. Idan ba ta yarda ba, zan zauna haka, ba matar aure ba, ba mai takaba ba, har sanda Allah ya so.

Ina roƙon yardar Inna. Na san abin da nake roƙo.

Ki gaida kowa. Na barki lafiya.

Ƙanwarki,
Hanifa


Maraɗi, 27 ga Janairu

Zuwa ga ƙanwata Hanifa,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da ɗiyata Oumaima. Inna tana gaishe ku, Alhaji yana gaishe ku, mutanen gida duka suna gaishe ku da jimami. Allah ya ba mu ikon cin wannan jarrabawa.

Takardarki ta iso, ɗiyata Mariyama ta buɗe mini ita a telefon na karanta sau uku. Na farko na yi kuka. Na biyu na ji haushinki. Na uku na ce bari in amsa miki kamar yayarki.

Hanifa, kwana biyar kacal da ɓatan mutum kike maganar takaba? Kawunmu Ila ya ɓata a hamada bayan Agadas kwana goma sha ɗaya, mota ta mutu musu, aka shimfiɗa tabarmi aka fara karɓar gaisuwa, sai ga shi ya shigo a bayan raƙumin wani Buzu yana tambayar wa ya rasu. Ya ƙara shekara ashirin da biyu a duniya. Inna ta ga wannan da idonta. Me zan ce mata?

Sanyi kuma ai mu ma muna da shi. Yanzu haka da asuba sai an ɗumama ruwan alwala. Abdoul-Aziz ba rago ba ne, tun yana yaro ba ya rufa. Kuma dutse kowane iri ne akwai masu zama gindinsa. Babu makiyaya a can? Babu masu itace, babu mafarauta? Wataƙila ya faɗa hannun wasu mutanen ƙauye da ba su da telefon, suna jinyarsa, ba ya jin yarensu sosai. Ki sa a bi ƙauyukan gida gida.

Sannan ke da bakinki kika ce an sami rigarsa a naɗe, da hula a kai. Wannan ita ce maganar da na kai wa Inna, kuma ita ce ta sa ta ci abinci ranar. Ta ce, “To ai Azizu ne. Ko makaranta zai tafi sai ya naɗe zanen rufarsa. Mutumin da ya tsaya naɗe riga yana cikin hankalinsa, kuma sanyi bai dame shi ba, in ba haka ba me zai sa ya tuɓe?” Ki faɗa mini inda ta yi kuskure.

Sauran takardar ban karanta mata ba. Shekaranjiya Hajiya Rabi ta maƙwabta ta shigo, bakinta ya suɓuce ta ce Allah ya jiƙan rai, Inna ta ce ta tashi ta bar mata gida, ta kai gaisuwarta inda aka yi mutuwa. Shekara arba'in suna tare. An sauke Alƙur'ani sau biyu, an yanka rago an raba.

Na san karatunki na lissafi ne, har jami'a kike koyar da shi, kuma ƙanena yana alfahari da wannan ko'ina ya zauna. Amma rai ba a lissafa shi, ƙanwata. Kada ki sake rubuto wannan kalma. Ki yi kwalliyarki, ki gyara ɗakinsa, ki jira mijinki.

Ki shafa mini kan Oumaima. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Fourera


Greensboro, Litinin 3 ga Fabrairu

Yaya Fourera,

Assalamu alaikum. Na gode da takardarki, har da wurin da kika ji haushina. Ki gaida Inna da Alhaji.

Kin ce a bi ƙauyuka. Ran Asabar na bar Oumaima a gidan ƙawarta a Pleasant Garden na tuƙa mota na je da kaina. Shugabar masu neman, wata dattijuwar Baturiya mai suna Loretta da ke sayar da abincin dabbobi a garin da ke gindin dutsen, ta rufe shagonta ta hau da ni har inda mota ke tsayawa. Zan faɗa miki abin da na gani, ke ki auna.

Babu ƙauye, Yaya. Babu makiyayi, babu mai itace. Daji ne na gwamnati, bishiyoyi tsirara tsaye cikin ƙanƙara iyakar ganinki, sai turba ɗaya siririya. Gida mafi kusa ya kai nisan Maraɗi zuwa Tibiri, kuma masu gidan suna da waya, suna da talabijin, suna cikin waɗanda suka fita neman.

Sanyin kuma suna kawai ya haɗa shi da naku. Na bar Greensboro ma'auni yana kan goma sha biyu. A can sama yana tara ƙasa da sifili, iska kuma ta mai da shi kamar ashirin. Na fito daga mota minti huɗu, na kasa jin yatsuna, na kasa rufe zif ɗin rigata. Loretta ta ce kuskuren mutanen birni ke nan, su duba yanayin garinsu a waya, su ga rana, su taho. Dutse yana da nasa yanayin, kuma yana sauyawa cikin rabin awa. Ranar Alhamis ɗin da la'asar gajimare ya sauko ya zauna a kan turbar, mutum ba ya ganin hannunsa, sannan aka yi irin ruwan da ke daskarewa da ya taɓa abu. Duwatsu suka zama gilashi. Masu hawa a wannan lokaci suna ɗaura wa takalminsu ƙarafuna masu haƙora, suna sa kayan ulu hawa uku, suna ɗaukar tocila da abinci. Ƙanenki ya tafi da wandon jins, da rigar auduga, da takalmin da yake zagaya unguwa da shi. Auduga in ta jiƙe da gumi ba ta bushewa, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Ni na goge masa rigar.

Yanzu maganar jaket. Na tambayi Loretta tambayar Inna, kalma da kalma. Ta ce ta so a ce ban tambaya ba. Idan sanyi ya gama shiga jikin mutum, rawar ɗari takan tsaya. Hankali ya gushe. Can gab da ƙarshe sai ya ji zafi ya taso masa kamar an hura wuta, ya fara tuɓe kaya. Ta ce shekara ashirin da shida tana wannan aiki, ta sha tsintar riga, kuma ba ta taɓa tsintar riga irin haka ta sami mai ita da rai ba. Naɗewar kuwa, ta ce hannu yakan tuna abin da ya saba bayan kai ya manta. Don haka Inna ba ta yi kuskure ba. Azizu ne ya naɗe ta.

Akwai abin da na ɓoye miki. An ba ni jaket ɗin. A aljihu akwai dabino uku a ƙunshe cikin takarda. Yana azumi ranar.

Kin tuna aikin tsakuwar ƙoda da aka yi masa a azumin bara, ya sha kwana tara. Ya so ya rama da bazara, na hana shi. Na zaunar da shi da kalanda na nuna masa cewa a ƙasar nan yinin Yuni awa goma sha shida ne, na Janairu bai kai sha biyu ba, ga sanyi, babu ƙishirwa. Na ce mai hankali a Janairu yake ramuwa. Ya yi dariya ya ce amfanin auren 'yar boko ke nan. Ranar ita ce ta bakwai. Na tashi na ɗumama masa sahur, na san yana azumi, na san zai hau dutse, kuma abubuwan nan biyu ba su taɓa haɗuwa wuri ɗaya a kaina ba. Jiki da abinci yake hura wutarsa. Ɗalibin aji ɗaya ya san wannan. Kin ce rai ba a lissafa shi. Gaskiyarki, kuma na lissafa.

Jiya Oumaima ta tambaye ni da Turanci, don da shi take tambayar abin da ya yi mata nauyi, ko za ta ce wa malamarta babanta ya mutu ko ya ɓata, saboda akwai takardar da za a cike. Shekararta goma. Na ce ta bar wurin babu komai. Ta ce ba a karɓa in an bar wuri.

Ba na so in rubuta kalmar da kika hana. Ina dai sake roƙo.

Na barki lafiya.

Hanifa


Greensboro, 9 ga Fabrairu

Anti Hanifa,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki da haƙuri, ina gaida Oumaima. Ni ne Kader. Na zo ƙofarki sau uku na kasa ƙwanƙwasawa, shi ya sa na sa wannan a akwatin wasiƙa. Ki yi mini pardon da rubutun, ban yi nisa a lakkol ba.

Abin da na faɗa wa 'yan sanda gaskiya ne amma ba duka ba ne. Na ce mun rabu cikin hazo. Ga yadda aka yi.

Mun kai sama wajen ƙarfe uku, lafiya lau, Yaya Abdoul-Aziz yana ta yi mini tsiya wai ni saurayi ina haki shi tsoho mai azumi yana gaba. Da la'asar ta yi muka sami wani ɗan ruwa da ke fitowa ƙarƙashin ƙanƙara. Na ce Yaya mu yi taimama. Ya ce, “Ga ruwa kana gani? Kai dai ka ce tsoro kake ji.” Ya cire takalmi da safa ya yi alwala cikakkiya, ya mai da safar a kan ƙafa jiƙaƙƙiya. Muna sallama gajimaren ya rufe mu.

Muka juyo. Ba a yi nisa ba ya fara rawar ɗari, haƙoransa suna ƙara. Ya faɗi sau biyu a kan santsi. Ina da fulas na shayi mai sukari da gyaɗa a jakata, don ni ba na azumi. Na zuba a murfi na miƙa masa. Na ce Yaya ka sha, Allah ya yi sauƙi ga matafiyi, ka rama wata rana. Ya ce, “Ramuwar ce zan sake ramawa? Ƙarfe nawa?” Na duba na ce biyar saura biyar. Ya ce, “Saura minti arba'in. Kai yaro, a Maraɗi na yi azumi a watan Afrilu ina ɗaukar buhu. Zuba abinka.”

Anti, na mai da shayin cikin fulas.

Wannan shi ne abin da ban faɗa ba. Ya girme ni da shekara sha biyar. Shi ya karɓe ni a filin jirgi, a falonku na kwana wata huɗu, shi ya kai ni wurin aiki. Ban taɓa ce masa yi kaza ba. Ko zama ba na yi sai ya zauna. Na sake miƙa masa sau ɗaya, ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Na fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Da na riƙe shi na ɗura masa, da ya yi fushi da ni shekara ɗaya, da yanzu yana nan yana fushin.

Bayan haka maganarsa ta fara kwancewa. Ya kira ni da sunan wani, ya ce in je in ce wa Inna ta rage wutar. Ƙafarsa ta daina ɗaukarsa. Telefon ba rezo, kira ba ya shiga. Na zaunar da shi bayan wani babban dutse inda iska ba ta bugu, na ajiye fulas ɗin a cinyarsa, na ce in lokaci ya yi ya sha. Na sauka da gudu neman rezo. Na yi tsammanin minti goma ne. Sai da na kai kusan mota. Da muka komo da masu ceto mun sami fulas ɗin a wurin, a rufe, shi ba ya nan. Daga baya suka ce mini ba a barin wanda sanyi ya kama shi kaɗai, don yakan tashi ya kama tafiya. Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mini.

Na ji a masallaci wai Inna tana jira. Na gan shi da idona, Anti. Ba na jin mutumin da na bari zai kai safe. Idan wannan takarda za ta yi amfani ki aika musu. Idan za su tsine mini su tsine, da gaskiyarsu.

Allah ya ba ki haƙuri. Ki yafe mini in za ki iya.

Ƙanenki,
Kader


Greensboro, Talata 11 ga Fabrairu

Yaya Fourera,

Assalamu alaikum, ina gaishe ku. Ga hoton takardar Kader, ban taɓa ko wasali ba. Na kira shi ya zo jiya da rana. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, na ce ya shigo yana ɓata mini ɗumin gida. Ya ci shinkafar matan masallaci faranti biyu yana kuka. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ban ga kujerar da zan hau in yi masa shari'a ba.

Wannan karon ki karanta wa Inna duka, da tawa ta baya. Kada ki tace.

Hanifa


Maraɗi, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Hanifa,

Bayan sallama da gaisuwa, da fatan kuna cikin kiyayewar Allah ke da Oumaima. Kowa yana gaishe ku.

Na riƙe takardun nan mako guda ban kai mata ba. Ran Talata da hantsi na same ta a tsakar gida tana tsince wake, na ce Inna akwai saƙo daga Amirka, mai tsawo ne. Ta ce ai ba inda za ta. Na karanta taki, na karanta ta yaron nan. Ba ta daina tsintar ba sai da na zo wurin shayin. Nan ta ajiye faifan.

Ta ce, “Sake karanta abin da ya ce masa.”

Na sake.

Ta ce, “Dabinon nawa aka samu?”

Na ce uku.

“Nawa ya fita da su?”

Na ce Inna ban sani ba, amma uku yake ɗauka kullum.

Ta ture faifan gefe. Sannan ta ce, “Fure, kin tuna azuminsa na fari?” Na tuna. Yana ɗan shekara tara, ana tsakiyar zafi, ya faɗi a zaure bayan la'asar, leɓɓansa sun tsage. Babanmu ya ɗebo ruwa a moɗa zai ba shi. Inna ta karɓe moɗar. Ta ce namiji ba ya karya azumi ana ganin inuwa ta yi tsawo. Ta jiƙa zane ta lulluɓe shi, ta zauna kansa tana yi masa kirari har aka kira salla. Shekaru tana ba da labarin nan wurin biki, ke ma kin ji shi ranar da aka kawo ki.

Ta ce, “Matarsa ta ce ita ce. Yaron nan ya ce shi ne. Duk su kauce. Wanda ya ƙi shayin nan ni na yi shi.”

Na ce Inna kwanansa ne ya ƙare. Ta ce, “Na sani, ba ke za ki koya mini ba.” Sai ta ce in miƙo mata mayafi. Ta fita da ƙafarta, ita da sai an riƙe ta, ta shiga gidan Hajiya Rabi. Ina biye da ita. Ta tsaya a tsakar gidan ta ce, “Rabi, gaisuwar nan da kika kawo rannan, kawo ta yanzu.”

An shimfiɗa tabarmi tun jiya. Mutane suna ta zuwa.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa. Ki je wurin liman ki ce mahaifiyar Abdoul-Aziz ta yarda. Ki ce wa Kader in ya zo gida ya fara sauka wurinta kafin gidansu, kuma ya daina gudun ƙofarki, yarinya tana bukatar kawu. Kwana biyun da suka rage masa da na ranar, ta ce kada kowa ya taɓa su, ita za ta yi. Na ce likita ya hana ta. Ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Kin ga mu ma haka muke.

Ni kuma ina neman afuwarki a kan takardata ta fari. Na ce ki yi kwalliya. Allah ya jiƙan ƙanena, ya sa can ta fi masa nan, ya ba ki ladan haƙuri.

Yayarki,
Fourera


Greensboro, Talata 25 ga Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki gaida Inna da haƙuri.

Dattawa sun zauna ran Lahadi. Yau na shiga takaba. Roƙon nan da na yi ta yi, da na ji kamar wata biyar, kwana talatin da biyar ne ashe. Na zaci in ta zo zan ji sauƙi. Na cire 'yan kunne na zauna a bakin gado, kuma ban san tsawon zaman da na yi ba.

Loretta ta kira. Ƙanƙara ta fara saki ta gefen kudu, suna sa ran shiga kwazazzabon farkon Afrilu. Ta ce in ina so zan iya tsayawa a inda mota ke tsayawa ranar da za su sauko da shi. Lokacin ina tsakiyar takaba, kuma wurin da nisa. Liman zai ce lalura ce, na san amsarsa. Ta Inna nake so. Ki tambayar mini ita, in je in tarye shi, ko in zauna a ɗakina a kawo mini shi.

Duk wadda ta faɗa ita zan yi.

Na barku lafiya.

Hanifa